Mudun Baba Zakka

Barnaba, gobe da asuba za ka hau mota a Kwangila.
Uwarka ta ƙulle maka ƙuli-ƙuli da yaji,
ni kuwa tun la'asar nake kewaya ɗaki
ina neman abin da uba ke damƙa wa ɗa.

Gona dai babu, ka sani.
Ta gindin Kufena ta tafi
shekarar da Tabita ta kwanta asibiti.
Kekena kuwa, ko ɓarawo ya gan shi
sai dai ya yi mini jaje.

Sai ga mudun kakanka a bayan randa.

Shekara talatin Baba Zakka yana awon dawa
a Sabon Gari, layin 'yan hatsi.
Akwai masu kai mudu wurin maƙeri
a ɗan bubbuga gindin ya shigo ciki,
tafi guda a kowane awo, wa zai lura?
Nasa kuwa, kifa shi ka shafa:
sumul, kamar goshin jariri.

Bai iya karatu ba sai da furfura ta fito,
da yatsa yake bin Littafin, yana tuntuɓe,
amma Alhaji Maiwada na rumfar dama
shi yake bar wa jakar kuɗi in zai tafi Juma'a,
ran Lahadi kuma Alhaji ke kore masa awaki.

Sau ɗaya na tambaye shi, ruwa na ɗiga mana a ka:
Baba, me ya sa duk Wusasa
mu kaɗai ne ba mu da rufin kwano?
Ya ce, Istifanus, Yesu yana zuwa awo,
ba ya kuwa aiko da saƙo.
Yau da zanen gwauruwa,
gobe yaro ne da sulalla a dunƙule.
Wanne zan tauye?

Ban gane ba. Na yi fushi, na ƙi tuwo.

Ni ban kai shi ba, kada in ruɗe ka.
Kun ji muryata a sahun mawaƙa
kun kuma ji ta a tsakar gida, tana fasa ƙwarya.
Ka tuna daren da na mare ka kan ɗari biyar?
Da safe na tsince ta a aljihun rigata.
Na tsaya bakin ƙofarka har shayi ya huce
kafin gwiwata ta yarda ta lanƙwasa.
Na sha durƙuso a majami'a, ɗana,
babu wanda ya kai wannan nauyi.
Ka ce, Baba, tashi, ya wuce.
A bakinka na ji gafara da Hausar gidanmu.

Bangaskiya ba riga ba ce
da zan tuɓe in kai tela ya rage maka.
Ɗibar wuta ce.
Na ɗebo a murhun Baba, a ɗan kasko,
iska ta sha kusan kashe mini ita a hanya.
Ga ta, ja-ja, ba yawa.
Hurawa kuma da bakinka.

Can inda za ka, za su yi maka tambayoyi
waɗanda ni ban san amsarsu ba.
Kai ma ka yi. Allah bai taɓa gudun mai tambaya ba.
In addu'a ta bushe maka a maƙogwaro,
ka yi awo daidai ranar nan,
ita ma ana jin ta a sama.

Uwarka ta ce mudun zai cinye wurin gari a jaka,
ta ce wa ke tafiya jami'a da tsohon ƙarfe.
Na yi shiru. Na cika shi da gyaɗa
har ya yi tozo, har tana zuba,
kamar yadda mai shi yake yi.

Kwanta, dare ya raba.
Ni zan tashe ka,
mu yi addu'a kafin zakaran Ladi ya riga mu.